Goyon da Na Yi a Tsakiyar Tafki

Ban iya ruwa ba. Da wannan zan fara, domin duk wanda na ba labarin nan abin da yake fara tambayata ke nan. A Kano na tashi, a unguwar da ruwa mafi zurfi da na sani shi ne na randa, sai na kwata idan sama ta zuba da yawa. Na gama sakandare, na yi zaman gida na wani lokaci, sannan yayata ta nemo ni zuwa Greensboro a Amurka in taya ta rainon yara. Ita tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi, mijinta kuma yana karatu a jami'a. Abban yara muke ce masa.

Yaransu biyu, duka mata. Babbar shekararta bakwai, ka yi mata Hausa ta mayar maka da Turanci. Ƙaramar muna kiranta Auta, ko da yake Yaya takan ce ita ba ta ce ta rufe ƙofa ba. Watanta goma sha ɗaya a lokacin. Tun da na zo a bayana take barci. An saya mata gado mai shinge, an sayi kujerar da ke lilo da kanta tana kiɗa, duk ta ƙi. Sai na goya ta, na yi wanke-wanke, na share falo, sannan in ji kanta ya yi nauyi a tsakanin kafaɗuna. Kuma na iya goyo, wannan kowa ya shaida. Zani in ɗaure, in kawo majanyi in ƙara, ƙulli biyu. Yaya takan ce ko gudu na yi da ita daga nan zuwa ƙarshen titin Gate City Boulevard ba za ta zame ba.

Akwai kuma Hajiya, mahaifiyar Abban yara, wadda ta zo a duba mata gwiwa ta zauna da mu. Ina so in faɗi gaskiya a kanta. Ba muguwar mace ba ce. Ita ke ajiye mini ƙanzo idan ta dafa shinkafa, don ta ji na ce ina so. Kukan yaro ne ba ta iya jurewa, ko na maƙwabta ne ta bango sai ka ga ta kasa zama.

Lahadin da ta biyo bayan Babbar Sallah, mutanenmu suka shirya fita da yara wani tafki da ke arewa da gari, ta hanyar Summerfield. Motoci sun fi goma. An kama rumfa a ƙarƙashin itatuwa, maza suka hura gawayi suna gasa ragowar naman layya, mata suka baje tabarmi da kuloli. 'Yan Ghana sun zo da shinkafa da wake irin tasu mai baƙin yaji, 'yan Nijar da dambu. Zafi ake yi irin mai ɗanko, wanda ko a inuwa kake rigarka sai ta manne.

Abban yara ne ya fara tsokanata, kamar kullum.

"'Yar tudu, yau za ki ga ruwan da ya fi na buta."

"Kai ma ai a hoto ka fara ganinsa," na ce.

"Ni? Na tsallake teku."

"A jirgin sama, kana barci."

Hajiya ta yi dariya har tana dafa gwiwa. Ita ce ma ta ce tana so ta shiga, wai kada ta koma gida a tambaye ta me ta gani ta ce asibiti da kanti.

Wurin hayar jiragen yana can ɗaya gefen, sai an zagaya wani lungu na itatuwa. Akwai ƙananan kwale-kwale na tuƙi da hannu, akwai kuma wasu masu faɗi da ake tuƙawa da ƙafa kamar keke, mutum biyu a gaba, biyu a baya suna ba su baya. Irin wannan muka ɗauka. Abban yara ya biya, ya koma wurin gashi.

Wata baturiya mai kamar shekaruna ce take raba rigunan ruwa, irin masu soso a ciki da ke hana mutum nitsewa. Ta ba kowa tasa. Da ta zo kan Auta sai ta tambayi nauyinta, ta shiga ciki ta ɗauko wata 'yar ƙarama mai ruwan lemo, mai matashi a bayan wuya da igiya da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Da kanta ta sa mata, ta ja igiyoyin, ta ɗaga ta ta kafaɗun rigar ta ga ba ta zame ba. Sannan ta kalle ni, don ni ke riƙe da yarinyar, ta ce da Turanci a hankali yadda zan gane: kada a cire, ko da ta yi kuka. Ta sake maimaitawa. Na gyaɗa kai. Na gane sarai, ba zan ce ban gane ba.

Yaya da babbar yarinyar suka zauna gaba suna taka feda. Ni da Hajiya a baya, Auta a cinyata. Da farko abin ya yi daɗi. Ruwan kore ne mai duhu, ba a ganin ƙasansa, iska kuma tana kaɗawa. Hajiya ta tsoma yatsa ta ce ashe ruwan Turawa ma jiƙa yake yi. Amma Auta tun daga bakin gaɓa take kuka. Rigar tana tokare mata haɓa, ta kasa juya wuya, gumi yana bin goshinta. Na yi mata wasa, na nuna mata agwagi, na ba ta ruwa, ta ture. Kukan ya koma irin na shiɗewa, wanda take ɗauke numfashi kafin ta sake shi.

Muna tsakiyar tafkin Hajiya ta ce, "Ke 'yar nan, wannan abin shaƙe ta yake yi. Cire mata."

"Hajiya, sun ce kada a cire."

"Su suka haife ta? Dubi fuskarta yadda ta yi ja. Cire mata ki goya ta, yanzu za ta yi shiru. Ina yaro ya fi tsira da ya wuce bayan mutum?"

Na juya na kalli ƙeyar Yaya. Ta ji, tsakaninmu bai kai kamu biyu ba. Ƙafafunta suka rage gudu a kan fedar, amma ba ta juyo ba. Shekara tara tana aure a gidan nan ban taɓa jin ta musa wa Hajiya ko da a kan gishirin miya ba. Ni kuma wace ce? Ƙanwar matar ɗa, wadda take cin abincin gidan.

Kuma maganar Hajiya ta shige ni, wannan ma gaskiya ce. A raina na ce ai haka ne, idan tana ɗaure a jikina ina za ta je?

Na kwance igiyoyin na zare mata rigar. Sai na ga ba yadda za a yi goyo a kan tawa rigar, don ta yi kauri, zani ba zai kama ba. Na cire tawa ita ma na ajiye a ƙasan kujera. Zanin goyo da majanyi suna cikin jakata, ba na fita babu su. Na miƙe tsaye, na sunkuya, Hajiya ta ɗora mini ita, na ja zanin na ɗaure, na kawo majanyi na ƙulle sau biyu kamar yadda na saba. Na mayar da hijabina ya rufe mu. Kafin in gama gyara shi ta yi shiru.

"Kin gani," in ji Hajiya.

Mai goyo ba ta jingina da kujera, kuma yaro ba ya barci sai an ɗan jijjiga shi. Don haka ban zauna ba. Ina tsaye ina jijjiga ta a hankali, hannuna ɗaya a kan ƙarfen rumfar jirgin. Wani jirgin masu kamun kifi mai inji ya wuce can nesa, ko kallonsa ban yi ba. Bayan ya wuce ne ruwan da ya turo ya iso mu. Jirgin ya ɗaga, ya sauka, takalmina ya zame a kan jiƙaƙƙen roba. Nauyin da ke bayana ya ja ni.

Ban san yadda zan kwatanta shiga ruwa ga wanda bai taɓa shiga ba. Sanyi, sannan duhu, sannan hijabina ya naɗe mini fuska kamar an rufa mini buhu. Na yi ta dukan ruwa. Hannuna ya ci karo da wata igiya da ke jikin jirgin ta baya, na damƙe. Na ja kaina sama har hancina da bakina suka fito. Na shaƙi iska, na yi tari, na sake shaƙa. Hajiya ta kamo bakin hijabin ta yaye mini shi daga fuska tana salati.

Sai na ji Yaya tana ihu da wata murya da ban san ta da ita ba. "Kanta. Kanta na ciki."

A nan na gane. Ni haɓata ce kawai a saman ruwa. Kan Auta kuwa a tsakanin kafaɗuna yake, ƙasa da wuyana. Duk wannan iskar da nake shaƙa, ita tana ƙasa. Ina jin ƙafafunta suna harbin kwiɓina.

Na kai hannu ɗaya kan ƙullin majanyin. Ya jiƙe ya zama kamar dutse, ko farce bai shiga. Na yi ƙoƙarin hawa jirgin, gefensa santsi, zanina ya sha ruwa yana ja na ƙasa. Yaya ta haye kujera ta taho baya, jirgin ya karkata har ya fara ɗibar ruwa, babbar yarinyar ta ƙwalla ƙara, dole Yaya ta ja da baya tana miƙo hannun da bai kai ba. Hajiya kuwa da gwiwarta ko durƙuso ba ta iyawa, hijabina kawai ta riƙe.

Abu ɗaya ya rage. Na riƙe igiyar da hannu biyu, na kifa fuskata cikin ruwa, na turo bayana sama. Na ji iska ta taɓa wuyana, na ji motsin kanta. Na daure iyakar daurewata. Ƙirjina ya fara kamar zai tsage, idona ya ga wani ja-ja. Sai na ɗago.

Na san abin da ɗagowar take nufi, kuma na ɗago. Na shaƙi iska, ita ta koma ƙasa. Na sake kifawa. Na sake ɗagowa. Sau huɗu na yi haka, kuma kowace kifawa ta fi ta baya gajarta, kowace ɗagowa ta fi ta baya tsawo. A ta huɗun ne na lura ba a harbina kuma.

Wannan shi ne abin da na sani wanda babu wanda ya sani a cikin jirgin nan. Su sun ga mutum yana ta fama a ruwa. Ni ce na ƙirga.

Wani malami ɗan Nijar da ke koyarwa a jami'ar su Abban yara yana kusa da mu a ƙaramin kwale-kwale. A bakin kogi ya tashi. Ban ga shigowarsa ba, sai ji na yi wani abu ya tokare ni ta ƙasa ya ɗaga ni. Bai tsaya kan ƙullin ba. Ya cusa hannu ta saman zanin ya kamo Auta ta hammata ya zaro ta kamar ana zare ƙafa daga safa, ya miƙa wa Yaya, ya haye jirgin a bayanta. Ina rataye da igiyar ina kallonsu ta ƙasa. Hannuwan Auta suna reto. Ya kwantar da ita, ya hura mata iska a baki, ya danna ƙirjinta da yatsu biyu, ya sake hurawa. Hajiya ta daina salatin. Ba a jin komai sai ruwa yana dukan jikin jirgin.

Sai ta yi wani irin kakari, ruwa ya fito ta baki da hanci, da nonon da ta sha. Ta yi kuka siriri kamar na mage.

Malam ya jawo ni ciki, ya karɓi feda. Gaɓar da rumfarmu take ta fi kusa, can ya nufa, ba wurin hayar ba. Ina kwance a ƙasan jirgin ina amai, sai na ga hannun Hajiya ya ɗauki rigunan nan biyu, tawa da ta Auta, busassu, ya tsoma su a ruwa ta gefe ya mayar. Ba ta kalle ni ba.

A gaɓa mata suka yanyame mu. Wannan ta kawo tawul, waccan ta kawo zani, ana ta alhamdulillahi. Yaya ta zauna a tabarma ta ba ta nono, ta ɗan kama. Abban yara ya taho a guje da cokalin gashi a hannunsa.

Malam yana tsiyayar ruwa ya ce masa, "Ka ɗauke ta yanzu ku je asibiti gun lokotoro. Ta jima a ciki."

Wata Anti da ta fi kowa daɗewa a ƙasar ta matso ta rage murya. "Malam, a bi a hankali. Asibitin nan ba irin na gida ba ne. Kana shiga da yaro ka ce ruwa ya faɗa, sai tambaya. Wa ke riƙe da ita, ina rigarta, me ya sa. Su rubuta, su turo mutane gida. Kun san yadda suke ɗauke yara. Ga shi kai, Abban yara, takardun karatu kawai suka zaunar da kai a ƙasar nan."

"Tsoma ta kawai ta yi," in ji Hajiya. "Kamar wanka. Yarinyar nan ta zame, kafin ka ce me Malam ya ɗauko su. Ga ta nan tana shan nono, me kuma ake nema? Tsoro ne ya kama ta."

Malam ya buɗe baki, ya dubi Hajiya, tsohuwa sa'ar mahaifiyarsa, ya rufe. Ya sake cewa a hankali, "Ni dai da tawa ce, da na kai."

Abban yara ya dubi Yaya. Yaya tana kallon kan Auta. Ya juyo gare ni, babu sauran wasa a fuskarsa.

"Haka ne? Ba ta jima ba?"

Mata sun fi goma suna kallona. Hajiya tana tsaye dab da ni, har ina jin ƙamshin turarenta. Na sunkuyar da kai. Ya ɗauki wannan a matsayin amsa.

A mota babbar yarinyar ta fara magana da Turanci, wai Hajiya ce ta ce. Yaya ta juyo ta ce mata ta rufe baki, yara ba sa sa baki a maganar manya.

Mun iso bayan la'asar. Aka yi wa Auta wanka da ruwan ɗumi, Hajiya ta shafa mata man zafi a ƙirji, ta yi mata tofi, aka kwantar da ita a gadon Yaya. Ta yi barci nan take, ita da ba ta barci a gado. Kowa ya ce gajiya ce. Yaya ta shiga kicin tana wanke kulolin da ba a ci rabin abin da ke ciki ba. Ni na kasa canza kaya ma sai da aka yi mini magana. Na zauna a ƙasa kusa da gadon.

Na san numfashin yarinyar nan fiye da nawa. Wata da watanni yana sauka a bayana. Wannan ba shi ba ne. Gajere ne, da sauri, kuma a ƙarshen kowanne akwai wani ɗan gurnani kamar tana ɗaga kaya mai nauyi. Na ɗaga rigarta. Fatar da ke tsakanin haƙarƙarinta tana lotsawa ciki duk lokacin da ta ja iska. Na kira ta, na taɓa tafin ƙafarta inda take jin cakulkuli. Ta buɗe ido rabi ta mayar.

Na je kicin na ce, "Yaya, zo ki ga numfashinta."

Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta da kumfa. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Bari a ga zuwa anjima." Muryarta ba ta yarda da abin da bakinta ya faɗa ba. Ta koma, na ji famfo yana zuba ba a wanke komai.

Na koma na zauna. Hasken taga ya fara yin ja. Leɓunan Auta kuwa sun fara komawa kalar toka. Ina ta cewa a raina bari Yaya ta faɗa, ita ce uwa. Bari Malam ya bugo waya. Bari wani. Sai na ji Abban yara a falo yana neman makullin mota zai tafi masallaci sallar magariba, daga can kuma na san sai bayan isha'i.

Ban san lokacin da na tashi ba. Hajiya tana kan kujera da carbi, shi yana sa takalmi. Ban durƙusa ba, ban yi sallama ba.

"Abban yara, ƙarya na yi maka."

Ya ɗago.

"Ba rigar a jikinta. Na cire mata, na cire tawa, na goya ta. Da muka faɗa kanta yana ƙasan ruwa. Ta jima. Har ta daina motsi, sai da Malam ya hura mata iska. Yanzu numfashinta ba daidai yake ba."

"Ke 'yar nan," in ji Hajiya, "so kike ki jawo wa gidan nan abin da ya fi ƙarfinsa?"

"Hajiya, ki yi haƙuri. Ki shiga ki gan ta."

"Wa ya ce ki cire?" Shi ne ya tambaya, a hankali.

Idona ne ya je inda bai kamata ya je ba, ya dawo. Ya bi idon nawa. Hajiya ta sauke carbin a cinyarta. Ban taɓa ganin namiji ya kalli mahaifiyarsa haka ba, kuma ba na fatan in sake gani. Ya wuce ɗaki da takalmi ɗaya a ƙafa, ya fito da Auta a kafaɗa, kanta yana lanƙwasa. Yaya ta biyo shi ba mayafi, ni na ɗauko mata.

A asibiti ba su bar mu mun zauna ba. Wata nas ta saƙala mata wani ɗan abu a yatsan ƙafa, ta dubi lambar da ta fito, ta danna ƙararrawa. Mutane suka fito ta ko'ina. Likitar, wata baƙar mace mai furfura, ta tambaya wa ke wurin. Abban yara ya nuna ni. Ta tambaye ni minti nawa. Na ce ban san minti ba, amma na ba ta labarin kifawa da ɗagowa, da Turancina na makaranta, Abban yara yana cike mini inda na kasa. Da na zo kan sau huɗu sai muryarsa ta tsaya, na ƙarasa da kaina. Ta tambayi ƙarfe nawa abin ya faru. Da aka faɗa mata ta dubi agogon bango.

Ruwa ya shiga huhunta, huhun ya kumbura. Suka sa mata bututu ta baki, inji yana yi mata numfashi. Kwana uku tana haka, an manne mata idanu, hannuwanta a buɗe a gefe kamar ba nata ba.

Abin da Anti ta faɗa bai zama ƙarya duka ba. Washegari wata mata daga hukumar kula da yara ta zo da takardu, ta shigar da ni wani ƙaramin ɗaki ni kaɗai, ta ba ni ruwa a kofin takarda. Ta tambayi wa ya cire rigar. Na ce hannuna ne ya cire. Ta tambaya ko an gaya mini kada in cire. Na ce an gaya mini, sau biyu. Ta tambaya ko wani ne ya sa ni. Na ce ni ce nake riƙe da ita. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta rubuta. Daga baya sun zo gida sau biyu, sun buɗe firij, sun ga inda yara ke kwana, sun yi magana da babbar yarinyar a keɓe. Ban san me ta gaya musu ba. Ba su ɗauki kowa ba. Sun ce za su sake dawowa.

Hajiya ba ta je asibitin ba sai rana ta huɗu, bayan an cire bututun. Ta tsaya daga bakin gado, ta miƙa hannu kamar za ta taɓa ƙafar yarinyar, ta fasa. A gida ba ta sake yi mini magana ba, ko faɗa. Idan na gaishe ta takan amsa tana kallon bango. Wata rana da rana na wuce ƙofar ɗakinta na ji tana kuka ƙasa-ƙasa, na tsaya, na rasa ta inda zan shiga. Mako biyu bayan haka Abban yara ya kai ta filin jirgi, gwiwar ma ba a gama duba ta ba. Shi kuma tun ranar bai sake tsokanata ba. Yana gaishe ni da ladabi, kamar baƙuwa.

Ni da Yaya ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Sau ɗaya, muna ninke kaya, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Na ji lokacin da ta ce ki cire." Na ce na sani. Muka ci gaba da ninkewa.

Ni kaina har yau ba na iya sakin ruwan wanka a kaina. A bokiti nake tara, in ɗiba da kofi, in wanke fuska da tafin hannu, ido a buɗe. Ko a alwala, idan na kai ruwa hanci sai ƙirjina ya buga.

An sallami Auta rana ta tara. Likitar ta ce huhun zai warke. Game da ƙwaƙwalwa kuwa ta ce ba za ta yi mana alkawari ba, ba kuma za ta tsorata mu ba, sai dai a sa ido a ga yadda za ta riƙa yi. Tana ci, tana gane mu, tana dariya idan yayarta ta ɓuya a bayan labule. Muryarta ta dishe, har yanzu ba ta dawo daidai ba. Amma kafin ranar nan tana kama kujera ta miƙe, har ta bi gefenta tana takawa. Yau mako shida ke nan ba ta miƙe ba.

Kowace safiya idan kowa ya fita, nakan zaunar da ita a gaban doguwar kujerar falo, in ɗora cokalin robar da take so a sama inda sai ta tashi za ta kai. In koma gefe in zauna. Takan dubi cokalin, ta dube ni, ta miƙo hannu in ba ta. Ba na ba ta. Sai ta yi kuka, ni ma in yi, sannan in ba ta.

Jiya ta kama bakin kujerar da hannu biyu, ta ja jikinta har kan gwiwoyi. Ƙafar dama ta tako ƙasa. Ta hagun ba ta biyo ba. Ta daɗe a haka tana rawar jiki, sannan ta koma zaune. Ban san ko ci gaba ne ko alama ce ta wani abu ba. Na rubuta a takarda yadda ya faru, da wace ƙafa, don kada in manta ko in rage wani abu. Ranar Alhamis za mu koma wurin likita, kuma na riga na gaya wa Yaya ni ma zan shiga.